Tanimu da Baƙuwar da Ke Cikin Kwamfuta

A Gangaren Kanya, wani ɗan gari a bakin kogi, akwai gidan wata tsohuwa da ake kira Inna Kande. Mijinta ya daɗe da rasuwa, manyan 'ya'yanta mata duk sun yi aure a wasu garuruwa. Biyu ne suka rage a kusa da ita: Tanimu, wanda shi kaɗai ne namiji, da autarta Zulai.

Tanimu ƙato ne, ga ƙarfi, ga sanyin hali, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Matsalarsa guda ce. Yadda magana ta fito daga bakinka, haka take shiga kunnensa, haka kuma zai aikata ta. An taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunyar miya, aka dawo aka tarar ya kifa fuska cikin tururi, idanu sun yi jawur, miyar kuma ta ƙone ƙurmus. Ya san ana yi masa dariya a gari, kuma abin yana ci masa rai. Kullum cikin fargabar kuskure yake. Garin gudun kuskuren ne ma yake damƙe magana da hannu biyu, ba ya ƙari, ba ya ragi.

Ita kuwa Zulai ta yi karatu har kwaleji, ta dawo ta buɗe shagon kwamfuta a layin kasuwa. Tana buga takardu, tana yin katin biki, tana ɗaukar hoton fasfo. Da shagon nan ake ɗora tukunya a gidan Inna. A cikin kwamfutar kuma akwai hotunan bukukuwa da sunayen rabin garin, har da na mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda iyalansu ba su da wani hoton nasu sai shi.

Ana shirin shiga damina wani mai gyara daga birni, Lawwali, ya zo ya sauke tsohuwar babbar manhajar kwamfutar ya ɗora sabuwa. Tanimu yana tsaye ya tambayi mene ne babbar manhaja. Zulai ta ce, "Ita ce mai riƙe da gidan, Yaya. Ita ke buɗe ƙofa, ita ta san inda aka ajiye komai. Ta da ta tsufa, shi ne aka kawo wata." Tun daga ranar Tanimu ya sa mata suna Baƙuwa, in zai wuce ta gabanta sai ya ɗan rusuna.

Ba a daɗe ba cikin da Zulai ke ɗauke da shi ya zo da gardama. Ƙafafu suka kumbura, jini ya hau. Likita ya ce sai ta kwanta a asibitin birni har ta sauka, kuma kada a kuskura a ɗaga mata hankali. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya. Yayarsu da ke aure a birnin ta karɓi jinya. Saura shago. In an rufe shi, an rufe bakin gida. Tanimu ya yi firamare, yana karanta Hausa, Zulai kuma ta koya masa bugu da yatsa ɗaya. Ta damƙa masa mukulli tana riƙe da ƙofar mota.

"Yaya, abin da na ce shi za ka yi. In ka rikice, kira ni."

Ya karɓi mukullin da hannu biyu.

Wata rana Zulai ta kira shi daga gadon asibiti. Ta ce, "Yaya, in ba kowa a shago kada ka bar kwamfutar tana shan batir. Ka sa ta barci. Wannan sabuwar, da ka taɓa ta take farkawa." Kafin ya ce uffan nas ta shigo, ta kashe wayar. Tanimu ya ruga gida ya ɗauko tabarma da matashi da bargon Inna. Ya kwantar da akwatin kwamfutar a kan haƙarƙarinsa, ya lulluɓe shi ruf, ya yafa wa gilashinta mai nuna rubutu zane, sannan ya zauna a bakin ƙofa yana ɗora yatsa a leɓe ga duk wanda ya tunkaro. Can ya ji wani gurnani yana fitowa daga cikin bargon. Ya yi murmushi, ya ce a ransa har ta fara minshari. Amma minsharin ya yi ta ƙaruwa, sai kuma ga ƙaurin roba. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. In ya yaye bargon ya tashe ta, in ya bari bai san abin da ke faruwa a ciki ba. Yana cikin haka Malam Sidi, hedimastan firamare, ya iso da takardu a hammata. Ya shaƙi iskar shagon sau ɗaya ya fizge bargon.

"Za ka dafa ta ne, Tanimu?"

Tanimu ya taɓa akwatin ya janye hannu. "Wayyo, zazzaɓi ne ya kama ta!"

Malam Sidi ya yi ta yi mata fifita da takardunsa har gurnanin ya lafa, sannan ya nuna masa wani ɗan jinjirin wata a lungun gilashin. Ya danna, gilashin ya yi duhu. Ya taɓa linzami, ɗan abin nan da ake jan kibiyar gilashin da shi, nan take haske ya dawo. Tanimu ya saki baki.

"Ko miƙa ba ta yi ba, Malam. Ta da kuwa, sai Zulai ta share shago ta dawo ba ta gama buɗe ido ba."

Wata rana kuma Baƙuwa ta tashi da taurin kai. Duk abin da Tanimu ya danna, sai wani ɗan zobe ya fito ya yi ta juyawa. Ga wata mata da goyo tana jiran hoton fasfo, ta ce motar birni za ta bi. Ya kira Zulai yana gumi.

"Nauyi ta yi," in ji Zulai. "Windo nawa ka buɗe?"

Ya waiga ya dubi bangon shagon. "Duka."

"To shi ya sa. Rufe su, kada ka bar ko ɗaya. Za ka ga ta yi sauƙi."

Tanimu ya rufe tagogin shagon, ya toshe ramukan jikinsu da tsumma, ya ja ƙofa ma don kada a ce ya rage wani abu. Shago ya yi duhu, zafi ya taso, jariri ya tsanyara kuka. Tanimu ya ɗaga akwatin ya jijjiga, ya ji nauyinsa na nan yadda yake. Ya ce ko hannunsa ne ke yaudararsa. Ya cire wayoyi, ya saɓa shi a kafaɗa, ya nufi sikelin masu sayen shinkafa, matar na biye da shi tana faɗa. Aka ɗora a sikeli, aka sauke, mai sikeli ya tambaye shi ko sayarwa zai yi. Matar ta yi tsaki ta tafi ba hoto. Da ya mayar ya kunna, Baƙuwa ta dawo masa da duk abin da ya bari a buɗe, ba ta manta ko guda ba, zoben kuma ya ci gaba da juyawa. Sai da yamma Zulai ta gano bakin zaren. Ashe tun tafiyarta duk aikin da ya buɗe a gilashin bai taɓa rufewa ba, sai dai ya ɗora wani a kai. Ta kwatanta masa ɗan gicciyen da ke kusurwar sama. Ya yi ta dannawa, suna ta ɓacewa, har hoton ciyawar da ke can baya ya bayyana.

"Ashe ita ma tana da nata tagogin," ya gaya wa Inna suna cin tuwo. "Laifinta, ba ta cewa ta gaji. Sai dai ta yi ta juya maka zobe."

"Kai dai ka bi a hankali," in ji Inna. "Ka san Auta ba ta da ƙarfin jin mugun labari."

Wata rana Gwadabe mai sayar da itace ya kawo aikin katin ɗaurin auren 'yarsa, wadda za ta auri wani malamin asibiti daga garin tsallake. Tanimu ya zauna ya buga da yatsansa ɗaya. Kowace kalma ya gama, sai Baƙuwa ta ja mata jan layi a ƙasa, irin na malamin da ya ga amsar banza. Ga shi kuma duk inda ya nemi ɗa ko ƙa, ba ya samu. Ɗaurin aure ya fito daurin aure, manyan baƙi suka zama manyan baki. Ya kira Zulai, ya ce Baƙuwa ta kayar da shi duka.

"Ƙyale jan layin, Yaya, Hausa ce ba ta ji. Haruffan kuma Lawwali ne bai saita mata namu ba. Amma ba a kai wa mutane kati haka. Ka buga, sannan ka bi da hannu, duk inda ya kamata ka sa masa ƙugiyarsa."

Tanimu ya buga katunan, ya gangara wurin masunta ya samo ƙananan ƙugiyoyi cike da gwangwani. Ya yini yana aiki, harshe a waje. Duk inda ɗa take ya soka ƙugiya, duk inda ƙa take ya soka. Ya naɗe katunan a takarda ya ɗaure da kyau, Gwadabe ya karɓa ko dubawa bai yi ba, ya aika da rabon dangin ango. Kawun ango ne ya fara zura hannu a ƙunshin. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan Gwadabe da tsumma a babban yatsa, dattawa biyu na bayansa.

"Me ake nufi da mu? Wato ɗanmu tarwaɗa ne, an jefa masa ƙugiya ya haɗiya? In habaici ne a fito fili!"

Gwadabe ya rantse bai san zancen ba, suka ce ai daga hannunsa ya fito. Aure ya fara tangal-tangal. Amarya ta shige ɗaki tana kuka. Inna Kande, da gwiwarta mai ciwo, ta dogara sanda har gidan ta durƙusa. Aka kira Malam Sidi ya ɗauki biro ya nuna wa dattawan ƙugiyar da ake nufi, 'yar lanƙwasar da ke kan harafi. Kawun ya dubi katin, ya dubi Tanimu da ke raɓe da bango kamar zai nutse a ciki, ya ce Allah ya kyauta. An ɗaura auren, amma Tanimu ya yi kwanaki ba ya iya bin ta ƙofar Gwadabe. Da Zulai ta tambaya yadda katin ya yi, Inna ta fizge wayar ta ce ya yi kyau, har an yi ta maganarsa a gari.

Wata rana damina ta kankama, hadari ya rufe rana, sola ta ƙi cika batir, sai da janareta ake aiki. Malam Sidi ya zo da sassafe za a buga masa tambayoyin jarrabawa, yara na zaune a aji suna jira. Ana kunna kwamfuta sai gilashin ya rikiɗe shuɗi, ga wani rubutun Turanci. Malam Sidi ya karanta ya dafe kai.

"Wai sabunta kanta take yi. Ta ce a jira, kada a kashe."

"Wa ya sa ta?"

"Ba kowa. Ita ta ga dama."

Tanimu ya kira Zulai. Wannan karon ya ji tsoro a muryarta. "Yaya, ka ji ni da kyau. Duk abin da za ka yi, kada ka bari wuta ta mutu kafin ta gama. In wuta ta mutu tana tsakiyar wannan, komai na iya lalacewa."

Tanimu ya duba shagon bai ga wuta ba. Sai ya tuna Inna ta ɗora ɗumame. Ya fita a guje cikin yayyafi, ya tarar da murhu ya kusa mutuwa, itacen ya jiƙe. Ya durƙusa yana hurawa, hayaƙi na shiga idonsa, ya kare murhun da faifai, ya ƙara kara, ya ƙara kirare, har wuta ta kama balbal. Inna na tambayarsa lafiya, bai ko ɗago ba. Yana cikin wannan ya jiyo janareta daga can layin kasuwa ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Mai ya ƙare. Galan ɗin man kuwa na nan a bayan ƙofar shago, shi kaɗai ya san wurin.

Da ya koma, Malam Sidi na tsaye a gaban baƙin gilashi. Ya gaya masa wutar da ake nufi, ya kwashi takardunsa ya tafi ya rubuta jarrabawar a allo. Tanimu ya zuba mai, ya ja igiya, ya danna maɓalli, ya zauna a ƙasa ya rungume gwiwa. Ya tuna hotunan mutane. Ya tuna jinin Zulai da likita ya ce kada a bari ya ƙara hawa. Gilashin ya yi shuɗi, ya yi baƙi, ya sake yin shuɗi. Ya kasa cin abinci, ya kasa kiran kowa. Sai bayan azahar hoton ciyawar nan ya bayyana, komai na wurinsa. Baƙuwa ta warware abin da ta fara da kanta ta koma yadda take. Tanimu ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka ba sauti.

Wata rana wani saurayi ya zo da filash, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashi bayanai, a buga masa takardar neman aiki. Ana soka shi Baƙuwa ta fara ƙara tana fito da jan rubutu. Tanimu bai son ya ƙara tayar wa Zulai hankali, sai ya kira Lawwali mai gyara.

"Cuta ce filash ɗin ya kawo," in ji Lawwali. "In ta yi tsanani sai an wanke ta tas. Ina zuwa ranar kasuwa."

Tanimu ya ga ranar kasuwa ta yi nisa ga mara lafiya. Ya ɗebo ruwa a baho, ya kaɗa omo, ya ce bari ya fara da ƙaramin. Ya tsoma allon haruffa ya cuɗe shi da soso. Ruwan ya yi baƙi, ya ce lalle cutar na fita. Ya cire wayoyin babban akwatin, ya ɗaga shi a kan bahon ke nan Inna ta shigo da kwanon fura. Ihun da ta yi har mahauta sai da suka jiyo. Akwatin ya tsira, allon haruffa kuwa ko da ya bushe bai ƙara motsi ba.

Ranar kasuwa Lawwali ya zo da wani allon. Ya bincika ya ce ai ba ma sai an wanke ba, mai gadin da ke cikin manhajar ya kama cutar tun a ƙofa ya kulle ta. Ya bayyana wa Tanimu cewa wankin da yake nufi goge duk abin da ke ciki ne, ba ruwa ba sabulu. Sannan ya zauna yana shan furar Inna, ya ce, "To Malam Tanimu, kai ka fi kowa zama da ita. Yaya ka gan ta?"

Tanimu ya saci kallon gilashin. "Ba za ta ji ba?"

"Barci take."

Ya matso, ya rage murya. "Gaskiya tana da kyawun fuska. Tana tashi da wuri. Ba ta mantuwa. In ka ce ta nemo hoton wance, kafin ka haɗiye yawu ta kawo. Ta faɗi, ta tashi da kanta. Ga shi ka ce ta kama ɓarawo."

"Ashe ba ta da aibu."

"Akwai. Ta cika tambaya. Ka ce ta yi abu, ta ce ka tabbata? Ka ce e, ta sake cewa ka tabbata? Ni kuwa da an tambaye ni sau biyu sai in ji ban tabbata ba. Ta raina Hausa. Ba sa ga maciji da tsohuwar firinta, sai ka yi ta lallashi kafin su gaisa. Tana cin data ko ba ka ba ta aiki ba. In kuma ta tashi gyaran jikinta, ko wa ke jira ba ruwanta. Jiya ma ta sake yi, da ta gama na nemi ɗan watan barci na rasa, ta canja masa wuri ba sallama."

Lawwali ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ya ce maganar Hausa da firinta laifinsa ne, zai saita, amma gyaran jiki dole ne, shi ke hana cuta shiga. "Ko dai in cire ta in dawo muku da ta da?"

Tanimu ya zabura. "A'a! Ina za ta je da daminar nan? Kuma mun fara sabawa."

Wata rana da la'asar wayar Tanimu ta yi ƙara. Zulai ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce likitoci sun yanke shawara, aiki za a yi mata a ciro abin da ke cikinta, ba za a ƙara jira ba.

"Yaya, ban san yadda za ta kasance ba. Abu ɗaya nake so ka yi mini. Amanar mutane ce a cikin kwamfutar nan. Ka ɗora komai a gajimare. Wannan sabuwar tana da hanyar yin haka, abin da ya hau gajimare ba ya ɓata. Ka ji? Komai da komai."

"Gajimare?"

"E, ka fara da..."

Layi ya katse. Ya kira, ya kira, ba ta shiga. Ya nemi Lawwali, wayarsa a kashe. Malam Sidi ya tafi taro a ƙaramar hukuma. Tanimu ya fito ƙofar shago ya ɗaga kai. Ga gajimare nan kuwa, baƙi, ya yi ƙasa-ƙasa kamar ka miƙa hannu ka shafa. Ya duba garin kaf, babu abin da ya kai hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, ga ta a kan tudu.

Ya naɗe akwatin a leda, ya yi gammo, ya ɗora a ka. Matakalar hasumiyar ƙunci gare ta, kafaɗunsa na gogar bango. Ya kai shi sama ya sauko ya ɗauki gilashin, ya sauko ya ɗauki firinta, da kyamara, da batir mai nauyin tsiya, don ta ce komai da komai. Ladan ya tare shi a tsakiyar matakala.

"Tanimu, me kake kai wa sama?"

"Zulai ta ce gajimare, Malam. Za a yi mata aiki."

Ladan ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga idanun Tanimu, sai ya matsa masa ya wuce.

A can ƙoli Tanimu ya ɗaga akwatin da hannu biyu, ya yi ɗage iya tsawonsa. Gajimaren na wucewa ta samansa, bai sauko ba. Ya jira wani ya zo, shi ma ya wuce. Hannuwansa suka gaji. A ƙasa mutane sun taru suna nuna shi, dariya na tasowa har inda yake. Da ya ga ruwa zai sauko, ya shigar da kayan ɗan ɗakin da ake ajiye na'urar lasifika, ya rufe su da leda, ya sauko jiki a sanyaye. Inna ko faɗa ba ta yi masa ba. Tana zaune da carbi, hankalinta na birni. Shi kuwa abin da ke cinsa, abu ɗaya ƙanwarsa ta roƙe shi, ya kasa.

Aka kwana ana ruwa. Washegari da hantsi aka ji kururuwa daga gangare: kogi ya ɓalle. Kafin mutane su gama kwashe yara ruwa ya shiga layin kasuwa yana tafe da rumfuna. Tanimu ya goya Inna ya haura da ita tudun masallaci, ya koma ya ɗauko wasu tsofaffin. Daga nan suka tsaya suna kallo ruwa ya kai tagogin shagon Zulai, bangon ƙasa ya jiƙe, ya tsage, ya zauna. Rufin kwano ya bi ruwa. Sabis ya ɗauke, ba mai jin labarin kowa. Tanimu ya yini yana ɗaga waya sama yana dubawa.

Sai washegari kira ya shigo. Yayarsu ce. Ta ce an yi aiki lafiya, an samu mace, uwa da 'ya suna nan ƙalau. Inna ta faɗi ta yi sujada a kan tabarmar mutane. Sannan aka ba Zulai wayar. Labarin ambaliya ya riga ya kai asibiti.

"Yaya, kuna lafiya? Inna fa?"

"Lafiya lau. Muna masallaci."

"Shagon?"

"Ya faɗi."

Can ta ce, "Ka samu ka ɗora wani abu a gajimaren? Ko kaɗan ne?"

"Zulai, ki yafe mini. Ban kai ba."

Ya ji ta fara shessheƙa, sai ya yi sauri ya ci gaba. "Wallahi na yi ƙoƙari. Na hau har ƙarshen hasumiya, na ɗaga ta iya hannuna, gajimaren ne ya ƙi saukowa. Saura kaɗan. Sai na bar ta a ɗakin lasifika."

"Ka bar wa?"

"Baƙuwa. Da gilashinta, da firinta, da kyamara, da batir."

"Kwamfutar kanta? Tana saman hasumiya?"

"Ɗazu ma na leƙa ta. Ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Wani sauti ya fito daga wayar, Tanimu bai gane kuka ne ko dariya ba. Ya jiyo yayarsu na cewa ta bari, za ta ɓalle ɗinki. Da ƙyar Zulai ta samu numfashi. Ta ce da ya yi abin da take nufi, wato tura hotunan ma'ajiyar intanet da ake kira gajimare, da sabis ɗin garinsu ko rabin hotunan ba za su hau ba kafin ruwa ya zo, kayan aikin kuma da yanzu suna cikin kogi.

Tanimu bai fahimci duka ba, amma ya gane ba fushi take ba. Ya share ido da bayan hannu.

"To in ruwa ya janye, in ci gaba da jiran gajimaren, ko in sauke ta?"

"Sauke ta," in ji Zulai. Sai kuma ta yi sauri ta ce, "Tsaya, Yaya. Ka ɗauke ta da hannu biyu. Ka ɗora a kanka. Ka biyo matakala, ba taga ba. Ka kai ta ɗakin Inna, ka ajiye a kan tebur, a tsaye, ba bargo."

Tanimu ya maimaita maganar tiryan-tiryan, ya juya ta ta kowane gefe, bai ga inda wata ma'ana za ta ɓuya a ciki ba. Ya sauke ajiyar zuciya.

"To," ya ce. "Wannan kam na iya."